Tarihin Makaranta a Ƙunshin Gyaɗa

Babu wanda ya naɗa shi Kodineta. Shi ya naɗa kansa, ranar da ya dawo daga wata bita ta kwana biyu da aka tura shi saboda wanda ya kamata ya je yana fama da ciwon haƙori. Ya dawo da baƙar jaka mai tambari, da kati mai igiya da ake ratayawa a wuya, da wasu kalmomi da bai ƙara buɗe baki babu su ba: hangen nesa, haɗin gwiwa, masu ruwa da tsaki. Washegari ya sa aka kinkimo tebur daga aji huɗu aka kai masa ɗakin karatu na makarantar, aka ajiye a gindin taga inda iska take kaɗawa, ya manna takarda a ƙofa mai cewa Ofishin Kodineta. Da can malamin aji uku ne. Har yanzu ma a takarda malamin aji uku ne, sai dai yaran sun fi sanin ƙeyarsa da fuskarsa.

Ɗakin kuwa da mai shi tun kafin ya zo. Malamar Laburare shekararta ashirin da bakwai a ciki, mace marar hayaniya, kullum da gam da almakashi a gabanta tana liƙe abin da ya yage. Ranar da ya shigo da teburinsa, ta dai ja kujerarta gefe.

Ana cikin haka Mai Makaranta ya tara malamai ya ce musu abubuwa sun yi tsauri. "Ɗakin karatun nan bayansa titi yake kallo," in ji shi. "Zangon nan na ƙarewa zan fasa ƙofa ta waje in ba da shi haya a yi shago."

Malamar Laburare ta sunkuyar da kai. Kodineta kuwa abin ya dame shi, kuma ba don littattafai ba. In ɗakin ya tafi, ofis ya tafi, taga ta tafi, sai alli da yara hamsin da huɗu. Ya miƙe yana gyara katin wuyansa.

"Ranka ya daɗe, a dakata. Wannan rashin hangen nesa ne kawai. Kuɗi suna nan a duniya zube suna neman mai ɗauka. Akwai wata gidauniya da ke ba makarantu da ƙungiyoyin sa-kai tallafi kan tarihi da harshe da adabi. Ni kuwa rubuta takardar neman tallafi a jinina take. A wurin bita ma mai koyarwar da bakinsa ya yi magana a kaina."

"Me ya ce?" in ji malamin lissafi.

"Ya ce in yi haƙuri in bar wasu su ma su yi magana. Ka ga ai ya gane na wuce ajin."

Mai Makaranta ya dube shi sama da ƙasa. "To, na ji. In ka kawo tallafi ɗaki ya tsira. In ba ka kawo ba, ka ɗauki teburin nan da kanka ka mayar inda ka samo shi."

"Ka ɗauka an gama, ranka ya daɗe. Ka fara tunanin inda za a ajiye motar aiki."

Sati biyu yana rubutu. Shafi talatin da takwas ya cika, babu shafin da bai ambaci hangen nesa sau uku ba. Ya kira ɗakin Babbar Taskar Tarihin Al'umma. Ya yi alkawarin taro, da taron shirya taro, da taron duba yadda taro ya gudana. A ƙarshen fom ɗin akwai wani gurbi da aka ce a lissafo kayan tarihin da ake da su a hannu. Ya dube shi a wulaƙance ya tura wa Malama.

"Malama, cike mana wannan. Aikin akawu ne, ni kaina yana kan manyan abubuwa."

Ta cike a ranar, da ƙaramin rubutunta mai tsabta. Shi ko kallo bai yi ba, ya haɗa ya aika.

Abin mamaki, amsa ta zo. An zaɓi makarantar cikin waɗanda za a duba, wakiliyar gidauniya za ta zo ranar Alhamis ta sama. Kodineta ya zaga aji-aji yana karanta wasiƙar, har ajin rainon yara bai bari ba. Ya buga katin gayyata ya raba wa manyan unguwa, ya ce su ne masu ruwa da tsaki. Sannan ya tsaya a tsakiyar ɗakin karatun, hannu a ƙugu, ya ga abin da ya ɗaga masa hankali. Kwalaye ne jibge har rufi, cike da tsofaffin takardu da suka yi ja, wasu an ɗaure da tsumma, suna warin daɗewa.

"A nan za a shigo da babbar baƙuwa? Ta ga wannan bolar ta ce mu ƙazamai ne?"

Aka yi rashin sa'a 'yar Malama ta haihu a wani gari, ta nemi izinin kwana huɗu ta tafi. Ƙurar motarta ba ta kwanta ba Kodineta ya kira Baba Maigadi, tsohon da ke tsaron ƙofar makarantar.

"Baba, samo buhuna. Yau za a ga aikin zamani."

Baba ya ɗaga wani littafi mai baƙin bango ya juya shi. "Malam, waɗannan fa Malama ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kansu."

"Shi ya sa shekara ashirin da bakwai ba ta kawo ko fanka ba. Zuba."

Buhu shida suka cika. Baba ya ce a ƙona, Kodineta ya ce mai hangen nesa ba ya asara. A bakin titi akwai Inna mai gyaɗa, wadda kullum take neman takardar ƙunshi. Aka yi ciniki a tsaye: ita ta kwashe buhunan, shi kuma a riƙa kai masa gyaɗa teburinsa kowace safiya har wata guda. Ya dawo yana ba malamai labarin yadda ya mayar da shara dukiya.

Aka yi fenti. Aka aro kafet daga gidan surukinsa. Aka aro kwamfuta uku daga shagon mai gyara, duk matattu, amma an goge su suna ƙyalli. Ya sa aka rubuta Babbar Taskar Tarihi a kan ƙyalle aka rataya, ya koma baya yana kallo yana ɓare gyaɗa.

Ranar Litinin Malama ta dawo. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hannu, ta dubi bangon da kwalaye suke, ta dubi ɗayan. Ba ta yi kuka ba, amma sai da ta dafa ƙofar.

"Malam, ina takardun?"

"Ki ce sannu da aiki tukuna. Kin gane ɗakin kuwa?"

"Ina takardun?"

"Tarkacen? Na raba mu da su."

Ta buɗe jakarta ta zaro kwafin fom ɗin, ta buɗe shafin ƙarshe ta ɗora masa a kan ɓawon gyaɗarsa. Karon farko ke nan da ya karanta. Rajistar shigar ɗalibai ta shekara sittin da biyu. Littattafan sakamakon jarrabawa. Littafin horo, inda ake rubuta laifin yaro da bulalar da ya sha. Wasiƙun iyaye zuwa ga shugabannin makaranta. Insha'in ɗalibai tun daga ajin farko da aka yaye. Ta kuma ɗora masa wasiƙar gidauniyar, ta sa yatsa a layin ƙasa, wanda duk yawon karatun da ya yi aji-aji bai taɓa kaiwa gare shi ba saboda tafi yakan katse shi. An rubuta cewa wakiliyar za ta zo ne musamman don ta ga takardun da aka lissafa a shafi na talatin da tara.

"Sauran shafukan fa?" ya tambaya.

"Ba su ambace su ba."

Ya fita da gudu har katin wuyansa yana komawa baya.

Tun daga nesa ya hango layi a gaban tiren Inna, abin da ba a taɓa gani ba. Manya ne da rigunansu, kowa ya karɓi ƙunshi sai ya koma gefe ya warware yana karatu. Ya kutsa.

"Inna, an yi kuskure. Buhunan nan nake so a dawo da su."

"Wane kuskure, ɗana? Ciniki ya faɗa, gyaɗarka ma ta yau ka ci." Ta miƙa wa wani ƙunshi ba ta ko dube shi ba. "Shekara talatin ina sana'ar nan, ban taɓa ganin mutum ya sayi gyaɗa ya ba yara gyaɗar ya tafi da takardar ba sai makon nan. Allah ya yi maka albarka."

"Saura nawa?"

"Na ba mahauci ɗaya, tela ya roƙi rabi don yankan samfur, na ƙullar da ɗaya da wani abu. Sauran ukun suna ƙarƙashin gadona, kuma ko hukuma ce ta zo sai ta bi layi."

Bai gama haɗiye wannan ba ya ji an shaƙo wuyan rigarsa ta baya. Alhaji mai siminti ne, babban ɗan kasuwar unguwar, yana huci, da wata takarda mai maiƙo a hannu.

"Kai ne ka watsa ni a titi?"

"Alhaji, a yi magana ta fahimta."

"Fahimtar me? Shekara ashirin ina gaya wa 'ya'yana ni nake zuwa na ɗaya. Jiya autana ya shigo da wannan. Na talatin da tara cikin arba'in! Na arba'in ɗin ma an rubuta bai zo jarrabawa ba. Yanzu in na ce yaro ya ɗauki littafi sai ya ce, Baba, kai na nawa ka zo?"

"Ai wannan darasi ne ga matasa, Alhaji. Ya nuna ko daƙiƙi..."

Sai da mutum uku suka shiga tsakani.

Ya kuɓuta ya nufi wajen mahauci, sai wani ya ja shi lungu. Akawu ne, ma'aikacin wani ofis a cikin gari, aljihunsa duka biyu sun kumbura da ƙunshin gyaɗa, idanunsa sun faɗa.

"Malam, rufa mini asiri. Rajistar shekarar da muka shiga aji ɗaya, a wane buhu take?"

"Me za ka yi da ita?"

Akawu ya waiga hagu da dama. "A fayil ɗina na ofis akwai shekara takwas cikin shekarun haihuwata da ba a rubuta ba. In takardar nan ta faɗa hannun maƙiya, gobe ritaya. Kwana huɗu ina sayen duk abin da Inna ta ƙulla da safe. Gidana an ci gyaɗa har yara suna gudu in sun ji sallamata, kuma ban same ta ba."

"In ka same ta ka kawo mini."

"In na same ta zan haɗiye ta, Malam."

Mahauci ya riga ya naɗe nama da rabin buhunsa, sauran kuma jini ya taɓa. A gaban shagon gyaran gashi mata sun cika suna shewa, domin an gano mai shagon, wadda shekara shida ke nan tana cika talatin da huɗu, ajinsu ɗaya da Akawu. Tana hango Kodineta ta fito da abin busar da gashi a hannu, ya tsallaka titi bai duba mota ba.

Tela ne kaɗai bai yi masa ihu ba. Ya same shi zaune, keken ɗinki a tsaye, da wata 'yar takarda a kan gwiwarsa.

"Zan ba ka sauran, Malam, ban yanka da yawa ba. Amma ban da wannan." Ya juyo da ita. "Wasiƙar mahaifina ce. Yana roƙon hedimasta a bar ni in zo makaranta babu takalmi zuwa ƙarshen wata. Ina ɗan shekara tara ya rasu. Ban taɓa sanin ya iya rubutu ba."

Kodineta ya kwashi abin da aka ba shi ya fita. Da ya zauna ya duba abin da ya tattaro a yinin, bai cika kwali ɗaya ba, rabinsa kuma an yanka shi surar hannun riga.

Da wani ne, da ya je ya faɗi gaskiya. Kodineta kuwa ranar Talata da safe ya shigo yana murmushi, ya kira Baba Maigadi gefe.

"Baba, tsohuwar takarda mece ce? Sabuwa ce da ta yi ja. Za mu yi namu tarihin."

Ya sayo manyan littattafan rajista guda goma. Yini guda ya rufe kansa a ajin da babu kowa yana ƙirƙiro sunaye. Da sunaye suka ƙare masa ya shiga sa na danginsa, da na dangin matarsa, har da na masu bin layin Inna. Kowa ya ba shi sakamako mai kyau don kada a sake shaƙe shi. Ranar Laraba ya ɗauki bokiti ya tafi wajen mai shayi, domin ya taɓa ji an ce ruwan shayi yana tsofar da takarda.

"Cika mini wannan."

Mai shayi ya dubi bokitin, ya dubi mutanen da ke zaune a benci. "Baƙi za a zuba, ko haɗi?"

Mutanen benci suka zuba masa ido. Kodineta ya gyara tsayuwa. "Ni na yi maka kama da mai sayen baƙin shayi? Haɗa da komai. Madara, sukari, kada ka yi mini rowa. Aikin manyan baƙi ne."

Suka tsoma littattafan ɗaya bayan ɗaya shi da Baba, suka shanya a bayan ajujuwa. Baba yana tsomawa yana lasar yatsa yana girgiza kai.

"Malam, ni dai ban yi boko ba, amma tarihin nan ya yi zaƙi da yawa."

"Kai dai juya shafi."

Kafin la'asar sun yi ja yadda ake so, sun kuma kumbura sun yi nauyi. Ya jera su a kan kanta kusa da matattun kwamfutoci, ya fesa turare. Malama ta shigo ta gani, ta ɗauki jakarta.

"Gobe in an tambaye ni zan faɗi abin da na sani," ta ce.

"Ba za a tambaye ki ba. Ni zan yi jawabi."

Alhamis ta zo. An jera kujeru a farfajiya, yara sun yi layi, Mai Makaranta ya sa babbar riga. Kodineta yana ta leƙen titi yana jiran jerin motoci, sai ga wata 'yar tsamurmurar mata ta sauko daga tasi, da takalmi marar tsini da jakar goyo. Ita ce wakiliyar. Ya tare ta da jawabi mai shafi tara. Ta saurari shafi ɗaya da rabi, ta duba agogo.

"Malam, na gode. Takardun nake so in gani."

"Za a zo nan, Hajiya. Tukuna ga sashenmu na na'ura mai ƙwaƙwalwa."

Ta leƙa bayan kwamfutocin. "Ina wayoyinsu?"

"Na zamani ne."

Ta buɗe jakarta ta zaro farar safar hannu ta sa, irin ta masu taɓa abu mai daraja, ta ɗauki rajista ta farko a hankali. Ta gwada buɗewa, shafukan suka ƙi rabuwa. Ta ɗan ja, littafin ya buɗe da wata ƙara, sai ga tururuwa sun ɓarke daga ciki, baƙi ƙirin, suka hau safar suka nufi hannun rigarta. Ta ajiye, ta karkaɗe, ta sunkuya ta sansana.

"Madara nake ji."

"Haka takardun zamanin da suke, Hajiya. Mutanen da komai nasu mai albarka ne."

Ta juya littafin. A bangon baya akwai kalandar da masu buga littafin suka sa, ta wannan shekarar da ake ciki.

"Rajistar shekara sittin da biyu ce da kalandar bana?"

Kodineta ya share gumi. "Ai abin da nake faɗa ke nan a shafi na huɗu. Waɗanda suka kafa makarantar nan mutane ne masu hangen nesa."

Malamin lissafi ya fita da sauri yana toshe baki. Mai Makaranta ya nemi kujera ya zauna.

Daidai nan hayaniya ta taso daga ƙofa. Masu ruwa da tsaki ne suka amsa gayyata, kuma babu wanda ya zo hannu sake. Alhaji mai siminti ne a gaba, a bayansa mai gyaran gashi, sai Akawu yana raɓe-raɓe, sai mahauci, sai tela, sai rabin unguwa, kowa da takarda mai maiƙo. Inna mai gyaɗa ta biyo kasuwarta da tire a ka.

"Ina baƙuwar?" in ji Alhaji. "A gaya mata a hukunta mutumin nan!"

"Kai ka yi shiru, na talatin da tara," wani ya ce daga baya.

"Wa ya faɗa? Kai ba kai ne aka yi wa bulala shida don ka saci ƙararrawar makaranta ba? Ga shi nan a rubuce!"

"Aro na yi!"

"Ni dai a gyara shekarar nan," in ji mai gyaran gashi. "Yayata ce, sunanmu ne ɗaya."

"Yayarki da tabo a goshi irin naki? Har shi an rubuta!"

Wata tsohuwa ta ɗaga tata takardar tana cewa a karanta mata insha'in da mijinta ya rubuta kan abin da zai zama in ya girma, ya ce matuƙin jirgi, ga shi can gida ko keke bai iya ba. Farfajiya ta kaure. Masu dariya na yi, masu zagi na yi, wasu tsofaffi biyu da suka shekara goma ba sa gaisawa sun haɗa kai a kan takarda ɗaya suna neman sunayen abokansu da suka rasu.

Wakiliyar ta fito ta tsaya tana kallo. Ta je wajen tela ta roƙi ya nuna mata tasa, ta karɓa da hannu biyu, ta karanta har ƙarshe, ta mayar masa. Ta karɓi ta Alhaji, ta ɗaga ta a rana tana duba tawadar. Sannan ta juyo.

"Waɗannan su ne na gaskiya. Wa ya lissafa su a fom?"

"Ni ce," in ji Malama.

"Wa ya fitar da su daga ɗakin?"

Kodineta, wanda ko ruwan sama aka yi sai ya ce da shawararsa, ya dubi ƙasa.

"Aikin haɗin gwiwa ne, Hajiya."

"Ni dai buhu na riƙe," in ji Baba Maigadi.

"Shi ne, ɗan albarka," in ji Inna, tana sauke tire. "Buhu shida, ko musu bai yi ba. Kullum ina kai masa gyaɗarsa, a tambaye shi in na taɓa fashi."

Dariyar da aka yi har yaran layi sai da suka watse. Kodineta ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya lalubi katin wuyansa ya tura shi cikin riga.

Wakiliyar ta jira aka lafa. "Ranka ya daɗe," ta ce wa Mai Makaranta, "ƙa'idarmu ɗaya ce, wanda kayan ke hannunsa shi ake ba tallafi ya adana su. Makarantarku ta sayar da nata, don haka ba ta cikin lissafi." Ta juya wajen Inna. "Inna, saura buhu nawa?"

"Uku, 'yata. Da ɗan abin da ke cikin tire."

"Kada ki ƙara ƙulla ko ɗaya. Na daɗe a aikin nan, mun sha kashe kuɗi a tara mutane su zo su ga tarihinsu, su zo su yi hamma su tafi. Ban taɓa ganin unguwa tana faɗa a kansa ba sai yau. In za ku kafa ƙungiya, ke da masu riƙe da takardun nan, Malama ta zama mai kula da su, zan kai maganarku gaba. Sai dai dole ku nemi ɗakin da za a ajiye su."

Mai Makaranta ya miƙe zumbur, fuskarsa ta washe. "Ɗaki? Ai ga ɗaki. Da ma ɗan haya nake nema."

"Ranka ya daɗe," in ji Kodineta a hankali, "ofishina ne fa."

"Na gaya maka inda za ka kai teburin."

Ba a shiga sabon zango ba sai da takarda ta zo an amince. Aka fasa ƙofa ta titi kamar yadda Mai Makaranta ya so. Alhaji ya ba da siminti kyauta bisa sharaɗin a sa shafinsa a can ƙasan kwali. Akawu ya shiga ƙungiya ya zama mai zuwa kullum, yana taya jera takardu da wata irin himma da kowa ya san dalilinta. Malama ta ɗaura igiyoyi daga bango zuwa bango tana shanya shafuka masu maiƙo, gam da almakashi sun dawo gabanta.

Ranar da aka koma makaranta Kodineta ya zo ɗaukar teburinsa, ya zaɓi lokacin da yake zaton babu kowa. Ya tarar da Inna zaune a kujerarsa a gindin taga, iska tana kaɗa mata mayafi, tirenta a kan teburin. Daga can ajin uku ana jiyo ihun yara hamsin da huɗu suna jiran malaminsu.

"Shugaba," ya ce, don haka ake kiranta yanzu, kalmar tana masa ɗaci a baki. "Teburin na zo ɗauka."

"Bar shi, ɗana, na yi magana da Mai Makaranta, tire yana jin daɗinsa." Ta dube shi da tausayi na gaske. "Ka rame. Zo in ba ka gyaɗa."

Ta laluba ba ta sami leda ba. Shi kuwa don ya nuna har yanzu shi mai kawo mafita ne, ya miƙa hannu ya ciro wata takarda daga igiyar da ke kusa ya miƙa mata.

Inna ta buge masa hannu har sai da ya yi ƙara.

"Kai, mayar! Wannan tarihi ne, ba a wasa da shi. Kai da kake malami ba a koya maka ba?" Ta kamo tafin hannunsa ta zuba masa gyaɗar a ciki. "Je ka, yaranka suna kira."